Shoyu, Shio, Miso ko Tonkotsu: Yadda Ake Zaɓen Kwanon Ramen a Ƙaramin Shagon Unguwa a Japan

Ƙaramin shagon ramen (taliyar da ake ci cikin romo) na unguwa a Japan ba ya ba baƙo lokacin dogon tunani. Da ka ɗaga ɗan labulen bakin ƙofa, wanda suke kira noren, inji ne zai tare ka, mai maɓallai ashirin ko talatin, galibi duk da rubutun Japananci, ga kuma mutane a bayanka suna jira. A ciki kujeru takwas ne ko goma sha biyu jere a gaban kanta, masu dafawa ɗaya ko biyu, manyan tukwane suna ta huci. Tikitin da injin zai ba ka shi ne odarka, kuma ba a canzawa bayan an jefa taliya a ruwa. Don haka tun daga waje ake yanke shawara.

Abin da ya fi rikita baƙi shi ne sunayen. Shoyu, shio da miso ba sunayen romo ba ne. Sunayen abin da aka ɗanɗana romon da shi ne. Tonkotsu kaɗai a cikin manyan huɗun yake faɗin abin da ke cikin tukunya, ma'anarsa ƙashin alade. Wanda ya gane wannan ya gama rabin zaɓinsa, musamman Musulmi, domin kwanon da ba a ambaci alade a sunansa ba yana iya kasancewa da alade ta hanya uku ko huɗu.

Kwanon ramen abubuwa biyar ne ake haɗawa a cikin ƙasa da minti biyu. Akwai romo, wanda yawanci ba a sa masa gishiri a tukunya. Akwai tare, wato kakkauran haɗin gishiri da ake zuba cokali biyu ko uku a gindin kwano kafin a zuba romo. Shi ne yake zama shoyu, shio ko miso. Akwai man ƙamshi da ke yawo a sama, na kaza, na alade, ko man da aka soya tafarnuwa ko albasa a ciki. Sai taliya, sai kayan da ake jerawa a kai. Taliyar ta alkama ce, ana kwaɓa ta da gishiri da kansui, wani ruwan sinadari da danginsu ɗaya da kanwar da ake jefawa a wake. Shi yake ba ta launin ɗorawa-ɗorawa da danƙon da ba ya barin ta narke a romo mai zafi. Wanda saninsa da ramen ya tsaya ga taliyar leda irin Indomie ya san jikar abin ne. Waccan Ando Momofuku ya ƙirƙiro ta a 1958, soyayya ce busasshiya da garin ɗanɗano. Ta shago ɗanya ce, romonta kuwa yini guda ake yi a kansa.

Shoyu shi ne uba. Ana danganta yaɗuwarsa da shagon Rairaiken da aka buɗe a Asakusa ta Tokyo a 1910 da masu dafawa 'yan ƙasar Sin. Tarensa na shoyu ne, baƙin ruwan waken suya da alkama da aka tsima wata da watanni. Romon garai-garai yake, ruwan ƙasa, kana hango taliyar a ciki. Ana samun wannan tsabta ne ta hanyar barin tukunya tana ɗan motsi ba tare da ta tafasa sosai ba, ana kwashe kumfa. A ciki akwai ƙasusuwan kaza, sau da yawa da na alade, da busassun ƙananan kifaye da ake kira niboshi, da ganyen teku na kombu. Taliyar matsakaiciya ce, giram 130 zuwa 150. Ga wanda zai fara cin ramen, wannan ne kwanon da ya fi dacewa: ba nauyi, ba wari mai ƙarfi, kuma ɗanɗanonsa bai yi nisa da romon farfesun kaza marar yaji ba. Inda yake lalacewa wuri biyu ne. In aka cika tare, gishiri ya danne komai, tun cokali na uku kana neman ruwa. In kuma ba a cire kai da kayan cikin niboshi ba, ko aka bar su suka daɗe a wuta, romon yakan yi ɗaci a maƙogwaro. Akwai shagunan da ke neman wannan ɗacin da gangan, kuma suna da masoya, amma ba nan ya kamata baƙo ya fara ba.

Shio gishiri ne kawai, garin da aka fi saninsa da shi kuwa Hakodate ne a tsibirin Hokkaido. Romon fari-fari ne mai ɗan launin zinariya. Babu abin da zai rufa wa mai dafawa asiri a nan: in ƙashin bai wanku ba, ko romon ya kwana, harshe zai ji nan take. Shi ya sa shio mai kyau ya fi wuyar samu, kuma in an same shi ya fi kowanne daɗin sha har ƙasan kwano. Ya dace da lokacin zafi, da mai cikin da ba ya son maiƙo. Amma kada tsabtar idonsa ta ruɗe ka. Shio na gargajiya na Hakodate da ƙashin alade ake yin romonsa, an dai dafa shi a hankali ne bai yi fari ba.

Miso ɗan Sapporo ne, ya fito daga shagon Aji no Sanpei a tsakiyar shekarun 1950. Miso kansa dakakken waken suya ne da aka tsima da gishiri. Aikinsa a girki ya yi kama da na daddawa, sai dai ya fi ta gishiri kuma bai kai ta wari ba. Yadda ake haɗa shi ya bambanta da sauran. A kasko mai zurfi ake soya tafarnuwa, albasa, niƙaƙƙen nama da tsiron wake da wuta mai ƙarfi, sannan a zuba miso da romo a kai. Man da ake soyawar da shi a Sapporo kitsen alade ne, kuma yakan kwanta a saman kwanon kamar murfi. Wannan murfin yana hana tururi fita, sai kwanon ya zo kamar ya huce alhali yana ƙuna. Mutane da yawa a nan suke ƙone harshe a kurɓin farko. A kauda man gefe da cokali, a ɗebo kaɗan, a hura. Taliyar mai kauri ce, murɗaɗɗiya, ba ta saurin caɓewa, don haka miso ya fi haƙuri da mai cin abinci a hankali. Shi ne kwanon sanyin Janairu da Fabrairu, kuma shi ya fi ƙosarwa a cikin ukun nan.

Tonkotsu kuwa wata duniya ce. Asalinsa garin Kurume a tsibirin Kyushu, inda aka fara sayar da shi a 1937, amma salon Hakata na birnin Fukuoka ne ya zagaye duniya. Ana tafasa ƙasusuwan da wuta mai ƙarfi awa takwas, goma sha biyu, wasu fiye da haka, har jijiya da ɓargo su narke, kitse ya gauraye da ruwa ya zama fari kamar madara. Wanda ya taɓa ganin yadda romon ƙafar saniya ke yin danƙo a leɓe ya san irin abin. Taliyar siririya ce miƙaƙƙiya, ba a sa mata ruwa da yawa wajen kwaɓi, tana dahuwa cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma tana kumbura da sauri. Saboda haka ake ba da kaɗan, wajen giram 100 zuwa 120, in mutum bai ƙoshi ba ya nemi kaedama, wato ƙarin taliya a zuba masa cikin romon da ya rage. Kuɗinta yen 100 zuwa 200. Kuskuren da ake yawan yi shi ne shanye romon kafin a nemi ƙarin, domin ba a ƙara romo. Za kuma a tambaye ka taurin da kake so: yawa mai laushi, futsu daidai, kata mai tauri, barikata mai tauri sosai. Futsu ko kata sun wadatar. Barikata ga wanda bai saba ba tana da ɗanɗanon ɗanyen gari kuma tana iya zama a ciki.

Akwai 'ya'yan tonkotsu biyu da ake cin karo da su a unguwanni. Iekei ya faro daga shagon Yoshimuraya na Yokohama a 1974: romon alade da taren shoyu, man kaza, gajeriyar taliya mai kauri, alayyafo da fallen busasshen ganyen teku na nori guda uku, ana cin sa da shinkafa. Shi kuma salon Jiro, wanda ya samo asali a 1968, tsauni ne na tsiron wake da kabeji da kitse, kuma abin da suke kira ƙarami yana kai giram 300 na taliya. Shagunansa ba sa jin daɗin a bar saura. Kada ya zama kwanonka na farko.

Mai son kaurin tonkotsu ba tare da alade ba, abin da zai nema shi ne tori paitan. Dabarar ɗaya ce, sai dai ƙasusuwa, ƙafafu da fatar kaza ake tafasawa har romon ya yi fari. Ba shi da warin tonkotsu, yana da ɗan zaƙi, kuma shi ne ginshiƙin yawancin shagunan halal.

Sai tsukemen, wanda Yamagishi Kazuo ya fara sayarwa a shagon Taishoken na Tokyo a 1955. Taliya daban, romo daban. Ana dafa taliyar, a wanke ta da ruwan sanyi, a kawo ta a faranti, kai kuma kana tsomawa a ɗan kwanon romo mai kauri da gishiri. Yawanta giram 200 zuwa 300, wato kusan ninki biyu na ramen, kuma saboda kaurinta dahuwar takan ɗauki minti takwas zuwa goma ko fiye, har waɗanda suka shigo bayanka su riga ka samun nasu. Amfaninsa babba ne ga wanda bai iya sandunan cin abinci ba: taliyar ba ta kumbura tana jiranka, ba kuma ƙunar baki. Illarsa ita ce romon yana hucewa tun a rabin tafiya, kitse ya fara daskarewa. Maganin shi ne kada ka zuba taliyar duka a romo, ka riƙa tsoma rabin loma, ko ka ce atsumori a kawo maka taliyar da ɗumi. In ka gama, miƙa ɗan kwanon ka ce supu wari, za a tsinka maka ragowar da romo marar gishiri ka sha.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi ga mafi yawan masu karatu. Shagon unguwa na gama-gari, wanda ba ya da wata alama a ƙofa, kusan kullum akwai alade a kwanonsa, ko da sunan shoyu ne ko shio. Hanya ta farko ita ce chashu, yankan naman da ke sama, wanda na alade ne in dai ba a faɗi akasin haka ba. Wannan ana iya cewa a cire, chashu nuki, amma cirewar ba ta warware komai. Hanya ta biyu romo: tukunya ɗaya ce a shagon, kuma ƙashin kaza da na alade sukan haɗu a cikinta. Ta uku tare: shaguna da yawa suna dafa chashu a cikin shoyu, sannan su mai da wannan ruwan ya zama tarensu. Ta huɗu man da ke sama. Ga kuma ƙwai mai ruwa-ruwa da ake kira ajitama da tohon gora da ake kira menma, waɗanda ake jiƙawa a haɗin shoyu da mirin, wani lokaci da ruwan chashun. Mirin na asali giyar shinkafa ce mai zaƙi ta girki, barasar da ke cikinta wajen kashi 14 cikin ɗari, kuma ita da giyar shinkafa ta sha da ake kira sake suna yawan shiga cikin haɗin tare. Ko shagon da romonsa kaza ce zalla, kazar ba yankan Musulunci ba ce in ba a rubuta haka ba.

Ana iya tambaya, kuma masu shago ba sa ɓoyewa. "Supu ni buta wa haitte imasu ka?" na nufin ko akwai alade a romon. Alamar 豚 alade ce, 鶏 kaza. Amma a yi tambayar kafin a sayi tikiti, ba lokacin cunkoson rana ba, kuma a sani cewa in mai dafawa ya giciye hannuwansa ya ce ba zai iya ba, gaskiya ya faɗa, ba wulaƙanci ba ne. Ba shi da wata tukunyar.

Zaɓin gaskiya ga Musulmi tsakanin shago iri biyu ne. Na farko shagon halal. A Tokyo an san Ayam-Ya a Okachimachi kusa da masallacin As-Salaam, da Honolu a Ebisu, kuma Kyoto da Osaka ma suna da nasu. Romonsu na kaza ne ko kifi, naman sama kaza ko saniya, shoyunsu wanda aka tanada ba tare da ƙarin barasa ba, wasunsu har da ɗan wurin salla. Farashinsu yakan ɗara na gama-gari da yen ɗari biyu ko uku zuwa sama, saboda tsadar naman. A lura da bambanci tsakanin shagon da ke da takardar shaida a bango da wanda kawai ya rubuta cewa yana maraba da Musulmi. Japan ba ta da hukumar halal guda ta gwamnati; ƙungiyoyi ne daban-daban ke ba da shaida, irin su Japan Halal Association, kuma shagon da ya rubuta maraba kawai yana iya nufin babu alade ne kurum, alhali ana sayar da giya ko ana amfani da mirin. Na biyu shagon da ba ya amfani da komai na dabba, kamar T's Tantan da ke cikin tashar jirgin ƙasa ta Tokyo. Nan an huta da maganar alade da yanka gaba ɗaya, romon na riɗi ne da waken suya da kayan lambu, yana da gardi sosai. Amma masu gudun nama ba sa gudun mirin, don haka tambayar barasa tana nan. Shi kansa shoyu na yau da kullum yana da ɗan barasa kaɗan da ke fitowa wajen tsimuwa, kuma malamai sun sha bamban a kansa. Wannan kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi tun kafin tafiya. A wajen ɗanɗano, shagon halal mai tori paitan ya fi kusa da ainihin abin da mutanen unguwa ke ci, kuma shi muke fara nuna wa baƙo.

Ko wane shago ka zaɓa, tsarin cin ɗaya ne. Kwano na yau da kullum yana tsakanin yen 800 da 1,200. Ka riƙe takardun yen 1,000 da sulalla, domin injuna da yawa ba sa karɓar kati ko takardar 10,000. Japan ta fito da sababbin takardun kuɗi a Yulin 2024, kuma akwai tsofaffin injunan da ba sa gane su. In inji ya tofo kuɗinka, nuna wa ma'aikaci zai canza maka. Kuɗi ake fara sawa, sannan maɓallai su kama wuta. Maɓallin da ke sama ta hagu galibi shi ne kwanon da shagon ke alfahari da shi, wanda kuma ke da alamar ja ko giciye ya ƙare. Kada ka manta ka danna na canji. In akwai layi, duba takardar da aka manna a ƙofa ko ka kalli na gabanka, saboda wasu shagunan tikiti ake fara saya kafin a shiga layi, wasu kuma sai an kusa shiga. Kowa kwanonsa, mutum biyu ba sa zama kan kwano ɗaya, kuma in kun zo ku huɗu, ku yarda a raba ku.

Lokaci ma zaɓi ne. Daga ƙarfe goma sha biyu zuwa ɗaya ma'aikatan ofis ne ke cika wurin. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ko bayan ɗaya da rabi ya fi sauƙi, amma kada a wuce biyu da rabi, domin shaguna da yawa suna rufewa wajen uku, wasu kuma da zarar romo ya ƙare suke sauke labule, ko ƙarfe nawa ne. Kowane shago yana da ranar hutunsa a mako.

Kwano na sauka, fara da cokali ɗaya na romo kafin ka ƙara barkono, tafarnuwa ko riɗin da ke kan kanta, don ka san abin da kake gyarawa. Sannan taliya, da hanzari: siririya tana fara lalacewa cikin minti biyar, mai kauri ta kai goma. Zuƙar taliya da ƙara ba rashin ladabi ba ne a nan, tana ma sanyaya lomar, amma ba dole ba ce. Cokali a hannu ɗaya yana tare abin da ya zame, kuma neman cokali mai yatsu ba abin kunya ba ne. Mai farar riga ya nemi kami epuron, ɗan rufin ƙirji na takarda. Ba dole a shanye romo ba. Kwano ɗaya yakan ɗauki giram 5 zuwa 7 na gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ƙasa da giram 5 ta ba da shawara a yini guda, kuma mafi yawan gishirin a romon yake. Mai hawan jini ya ci taliya da kayan sama, ya bar fiye da rabin romon. Ruwan sha kyauta ne, kai za ka zuba wa kanka. Ba a ba da tukuici, in ka bar kuɗi a kanta za a biyo ka da su. Da ka gama, ɗaga kwanon ka ɗora a kan dakalin da ke saman kanta in ka ga wasu na yin haka, goge gabanka da tsumman da aka ajiye, ka ce gochisosama deshita, wato na gode da abinci, ka tashi wa na bayanka.